Yadda Muhyiddeen Ya Raba Waya Ɗaya Tsakanin Yayyensa

Duk wanda ya san layinmu a Ajingi ya san 'ya'yan marigayi Malam Abba ba sa gaisawa sai da sanda. Shagon ɗinkina yana kallon nasu, don haka ba labari aka ba ni ba. Maikuɗi ne babba, mai sayen gyaɗa da hatsi. Bashir ke bi masa, shi ke da shagon kwamfutoci inda ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Sai autansu Muhyiddeen, wanda Allah ya jarabta da zama ƙanin waɗannan biyun.

Ranar rabon gado ma sai da jini ya zuba. A kan iyakar gonarsu ta Toranke Maikuɗi ya fasa wa Bashir kai da ƙotar fartanya, Bashir kuma ya cije shi a kunne har ya fizgo tsoka. Dattawa suka shuka gamba a tsakanin gonakin, suka dawo gari suka auna ginin bakin titi da igiya a gaban shaidu. Shagon gabas ya zama na Maikuɗi, na yamma na Bashir. Zauren da ke tsakiya aka bar wa Muhyiddeen, don babu wanda zai yarda ɗan'uwansa ya samu.

A Kano Muhyiddeen ya koyi sana'arsa. Shi ke hawa rufi ya ɗaura farantin intanet, ya ja waya, ya saita na'urori a makarantu da shagunan magani daga Gaya har Balan. Ba shi da yawan magana, kuma hannunsa na da kyau a aiki. Burinsa ɗaya ne a duniya, mahaifiyarsu Hajo ce ta ɗora masa. Na ji ta da kunnena tana ce masa, "Auta, kada ka bari in ga gawar ɗayansu. Ka haɗa min su kafin in mutu."

A zaurensa ya ajiye rauta, akwatin da ke rarraba intanet. Waya ja ta fita daga kafa ɗaya zuwa kyamarorin da ke gadin siton Maikuɗi, shuɗiya ta fita daga wata kafar zuwa kwamfutocin Bashir. Kowa na ganin tasa da idonsa, kuma haka aka samu ɗan sauƙi.

Ƙarshen damina tsawa ta faɗo ta ƙone kafofin rautar, ta bar guda ɗaya tal. Da aka yi zancen sabuwa, kowannensu ya rantse ba zai sa hannu a abin da ɗayan zai amfana da shi ba. Sai Muhyiddeen ya zauna da kwamfutarsa ya raba kafar nan gida biyu daga ciki. Waya ɗaya ya soka, ya kai ta cikin silin, inda wani ƙaramin akwati ke sake rarraba ta, ja ta sauka gabas, shuɗiya ta sauka yamma.

Na tambaye shi yaya rami ɗaya zai zama biyu. Ya ce, "Kawu, kamar buhuna ne a mota ɗaya, kowane da alamar mai shi. Duk saƙon Yaya Maikuɗi na manna masa lamba goma, na Yaya Bashir lamba ashirin. Hanya ɗaya suke bi, amma ɗaya ba ya leƙa ɗaya."

"To ka faɗa musu."

"Su ji kalmar ɗaya? Ai gara in yi shiru."

Abin da ya ce wa kowannensu shi ne, naka daban, nasa daban. Gaskiya ya faɗa. Amma a gidansu rabon da ba a ja igiya ba, ba a kira shaidu ba, ai ba rabo ba ne. Nan ya yi kuskure, kuma na fi jin haushinsa a kan wannan fiye da komai.

Da kaka ta yi, wata safiya aka tarar an fasa siton Maikuɗi an kwashe gyaɗa. Ya duba kyamarorinsa, babu hoton komai. Ya faɗa zaure yana huci, idonsa ya sauka kan rautar, ya ga waya ɗaya a soke. Ya hau tebur ya ɓalle silin da hannu, ya ga jarsa da shuɗiyar Bashir sun haɗa kai a akwati guda.

"Ashe haɗa ni kuka yi da ɓarawo," in ji shi. "Ta nan ya kashe min kyamara."

Bashir ya shigo, ya ɗaga kai ya ga abin da yayansa ya gani. Maimakon ya kare kansa, sai ya juya kan ƙaninsa. "Wato takardun ɗalibai hanya ɗaya suke bi da wannan mugun? Auta, ni za ka munafurta?"

Muhyiddeen ya buɗe kwamfutarsa. "Yaya, ku duba, ga goma, ga ashirin. Wallahi ba sa haɗuwa."

Maikuɗi ya make kwamfutar ta bugu da bango ta tarwatse. Ya kai wa Bashir naushi a baki, haƙori ya faɗo. Bashir ya rarumo ƙarfen da ake tokare ƙofa ya sauke masa a kafaɗa. Kafin in tsallako titi Maikuɗi ya koma shagonsa ya dawo da adda. Ba kan Bashir ya nufa ba, wayar ya nufa, yana cewa yau zai raba ta da kansa. Muhyiddeen ya kai hannu ya dafe ta a kan tebur, wai don yayansa ya tsaya ya saurare shi. Addar ta sauka. A daidai lokacin Bashir ya kawo duka na biyu da niyyar Maikuɗi, ƙarfen ya sami ƙeyar Muhyiddeen. Ya kife a ƙasa, jini na tsartuwa, yatsunsa uku na kan tebur kusa da guntun wayar. Da yadin wani mutum da ya kawo min ɗinki na ɗaure hannun.

Daga baya aka gano batirin solan Maikuɗi ne ya mutu, shi ya sa kyamarorin suka ɗauke. Babu wanda ya damu da wannan.

Da na je dubiya asibiti a Gaya, na tarar da Maikuɗi da Bashir a benci ɗaya, wannan da kafaɗa a ɗaure, wancan da baki a kumbure, suna cin ƙosai a takarda guda. Sun riga sun shirya abin da za su faɗa wa 'yan sanda, cewa tsautsayi ne wajen aiki. Sun kuma yarda, karo na farko a rayuwarsu, a kan magana ɗaya: duk laifin Auta ne da ya ha'ince su.

Hajo na zaune a bakin gado tana leƙensu ta taga, tana share hawaye. Ta dafa ƙafar Muhyiddeen ta ce, "Auta, ka gansu can tare. Allah ya yi maka albarka."

Ya ɗaga hannun da aka naɗe zai shafa addu'ar, sai ya tsaya ya dube shi. Ya sauke, ya shafa da hagu, ya ce, "Amin, Inna."