Dakta da Tabon Gam

Tun shekararsa ta farko a makarantar koyon aikin jinya unguwa ke kiransa Dakta. Shi ya nemi hakan. Sai da ya sayi farar riga da abin sauraren ƙirji kafin ya sayi littafi, mahaifiyarsa kuma ta bi gida-gida tana shelar ta haifi likita.

Gwajin zuciya ne ya tsaya masa a wuya. Wayoyi goma ake manna wa mutum: huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji. Na ƙirjin sai an sa yatsa an laluba, an ƙirga haƙarƙari, domin waya in ta kauce, takardar da na'urar gwajin ke fitarwa kan nuna ciwon da babu, ko ta ɓoye wanda ke nan. Dakta kuwa ƙyamar jikin mutane yake yi: gumi, gashi, teɓa. Don haka bai koyi ƙirgar ba, sau biyu ya faɗi jarrabawar. A ta uku, kora ce.

Sai ya gano dabara. A ɗakin koyo akwai mutum-mutumin roba da ɗalibai suka yi shekara da shekaru suna manna wa wayoyi, har gam ya bar baƙin tabo shida a ƙirjinsa. A kansa ake jarrabawa. Dakta ya riƙa bin tabon, tap, tap, tap, yana fito.

"Zo ka ƙirga a nawa, kyauta ne," in ji abokin ɗakinsa, wani siriri, yana ɗaga riga.

"Kai da ake ƙirga naka daga bakin ƙofa? Rufe mana. Gwani da ido yake aiki."

Ana gobe jarrabawa, aka ce baƙi za su zo duba makaranta. Mai shara ta samu kalanzir da tsumma ta goge mutum-mutumin nan tas.

Da safe Dakta ya yaye zanen da aka rufe mutum-mutumin da shi ya tarar da ƙirji fes. Ya sunkuya, ya karkata kai ko haske zai nuna masa saura. Babu.

"Me ka yar?" malamar da ke jarrabawa ta tambaya.

"Malama, an canza shi."

"Wanka ya yi. Haƙarƙarinsa na nan."

Ya manna wayoyin da ka, a jere reras kamar maɓallan riga. Malama ta leƙa ta saman gilashinta.

"Wannan ta ƙarshen, zuciya kake nema ko abin da ya ci jiya?"

Bai kai azahar yana ɗalibi ba.

Yanzu yana sayar da magani a wani shago kusa da tasha, abin sauraren ƙirjin na rataye a wuyansa. Mahaifiyarsa na cewa hassada aka yi masa. In mai saye ya ce ƙirji ke masa ciwo, Dakta kan ja baya kaɗan ya ce, "Nuna min daga nan."