Ganuwar da ta ƙi bushewa

Abubuwa da yawa na zamana a Jidda sun ɓace mini, har fuskokin wasu kafilai, iyayen gidan da na yi wa aiki, amma ganuwar da na gina wa ɗana a kan faifan katako ba za ta fita raina ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

Ɗan nan a Jidda aka haife shi, a nan ya girma har ya tara gemu. Yana jin Hausa sarai, amma in zai amsa sai Larabci ya riga shi fita. Kuma da yake ɗan fari ne, ba ma doguwar hira. Haka na tarar da iyayena: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a sakin baki da shi. "Kai" nake ce masa, ya ce "Na'am ya Baba", shi ke nan.

Yana da wani wasa da suke yi da abokansa ran Juma'a a unguwar Bani Malik, inda yake zaune. Su jera 'yan sojoji ƙanana kamar ɗan yatsa a kan babban tebur, da dawakai da garkuwoyi, su jefa ƙwayoyi irin na lido, wai rundunar wane ta ci garin wane. Ranar da na fara gani na tambaye shi ko caca ce. Ya ce, "Wallahi ya Baba ma fi fulus, ba kuɗi a ciki, wasa ne bas." Na ƙyale shi, ko da yake raina bai kwanta da ƙattin maza suna tura 'yan tsana ba. Ganuwarsu kuwa ta kwali ce, an shafa mata fenti ruwan toka.

Sai kamfanin da yake wa aiki ya rufe, aka rasa kafilin da zai karɓi iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, aka buga masa fita ta ƙarshe. Zai tafi ƙasar da bai taɓa takawa ba, wurin 'yan'uwana da bai san fuskarsu ba. Ya rame. Ni ma cikina cike yake da magana, amma bakin da ya daɗe a rufe ba ya buɗuwa rana ɗaya. Abin da na iya shi ne gini. Mahaifina magini ne, na taka masa laka tun kafin in zo Hajjin da ban koma ba. Da na ji abokan za su yi masa wasan bankwana, sai na ce bari in gina masa ganuwar garinmu, ya ga inda za shi kafin ya je.

Wani direban tifa mai kai ƙasar lambu ya zuba mini jar ƙasa a buhu a unguwar Khumra, inda nake gadin sito. Na yayyanka ciyawar tumaki na kwaɓa da ita, na bar ta ta tsima kamar yadda ake yi a gida. In na dawo aiki na yi la'asar, sai in zauna a baranda ina mulmula tubali ƙanana kamar ƙwallon dabino, ina jerawa. Baya ya riƙe, ido ya yi yaji, gumi na ɗiga cikin lakar.

Mahaifiyarsa ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, da furfurarka ka koma wasan ƙasa? Ko in kawo maka gwangwani ka ɗora tukunya?"

Na ce, "Ke dai kawo shayi."

Ta ce, "Da ka kira yaron nan ka yi masa magana, ai da ya fi ɓata mini baranda."

Na ci gaba da aikina. Na tayar da ganuwa, na fitar da ƙofofi, na yi zaure da soro har da zanko, na jera 'yan gidaje a ciki.

Abin da ban lissafa ba shi ne iska. A gida da rani ake gini, busasshiyar iska ce ke ƙarasa wa magini aikinsa. Jidda kuwa ruɗuba ce, iskar teku mai laima wadda ke jiƙa maka riga kana tsaye. Na hau da ganuwar saman gida ta sha rana, da safe na tarar tana zufa kamar mai zazzaɓi. Gindinta ya fara fumfuna. Ranar tafiya na matsowa, sai na shigo da ita ɗaki na ajiye gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Bayanta ya bushe ya tsattsage kamar faso, cikinta yana nan ɗanye.

Ran Juma'ar, bayan an sauko masallaci, maƙwabcina ya ɗauke ni a 'yar motarsa ta kaya. Na zauna a baya na rungume faifan. Muna shiga Bani Malik ya taka tudun rage gudu, na ji wani ɗan sauti a ƙarƙashin zanen da na lulluɓa. Na ɗaga. Ɓangaren gabas ya zube gaba ɗaya, tubali sun watse cikin gari. Na ce inna lillahi. Na so in ce mu juya, amma gajiya ta hana ni ko buɗe baki. Haka muka hau da ita bene.

Samarin suka miƙe suna gaishe ni. Na ajiye a tebur na janye zanen, ban dubi kowa ba. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai tabarau, ya sunkuya yana leƙen inda ya rushe. Ya ce, "Ya ammi, masha Allah! Mu sai mun sha wahala kafin kwali ya yi kama da rusasshe. Ta nan rundunata za ta shiga, halas, an gama!" Suka kwashe da dariya.

Ɗana bai yi dariya ba. Ya ɗauki tubali guda ya shinshina, ya daɗe yana juya shi a tafinsa. Sai ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Baba, wannan yaya sunansa?"

Na ce, "Tubali."

"Kaka ne ya koya maka?"

Na ce shi ne.

"Gidansa ina yake a ciki?"

Na nuna masa da yatsa ta wannan giɓin, don da ganuwar na tsaye da hannuna bai kai wurin ba. Daga gidan na nuna masa masallaci, da inda rijiya take, da gidan ƙanwata da zai sauka. Ya jawo mini kujera. Ban san lokacin da na saki baki ba, har aka kira magariba muna magana, abokansa na jira. Da aka fara wasan ya tara sojojinsa duka a ƙofar gidan kakansa. Mai tabarau ya ce, "Yalla, ka bar sauran garin a buɗe!" Ya ce ya sani. Aka cinye garin nasa tas.

Ya tafi cikin makon. Ganuwar ba ta jima ba ta ƙarasa marmashewa, abokan suka share. Yau shekaru ke nan ban sa shi a ido ba, sai dai murya a waya, Hausarsa har ta fi tawa. Har yanzu ban kira sunansa ba, amma muna daɗewa muna hira.

Na gane cewa ba duk abin da ka ɗauko daga gida ne zai tsaya a iskar wata ƙasa ba, laka ce ko al'ada. Kuma in bawa ya gaji ya kasa buɗe ƙofa da kansa, wani lokaci Allah kan tausaya masa ya rushe masa gefen ganuwar.