Mai Ƙirga Tsuntsayen Gonar Partago

Maazou jikan fatake ne, a Djougou aka haife shi, a gidan da yaro ke koyon ƙirga goro tun bai iya ɗaura wando ba. Allah Ya ba shi kaifin ido, ya dubi ƙwarya sau ɗaya ya ce goro ɗari da uku ne, a ƙirga a tarar haka ne. Bai yi arziki da wannan baiwar ba. Abin da ta samo masa shi ne aikin da ya fi kowane ban dariya a garin: a kakar 1976 wata malamar gona daga Parakou, Madam Kadidjatou, ta ɗauke shi ƙirga tsuntsaye.

Gonar haɗin gwiwa ce a wani ƙauye kusa da Partago, an yanka ta yanki talatin, kowane magidanci da nasa. Madam tana son ta san wace dawa tsuntsaye suka fi so, ja ko fara, da kuma inda suka fi sauka. Maazou sai ya hau rumfa safe da yamma, ya ƙirga, ya rubuta. Mutane suna ce masa sarkin tsuntsaye, shi ma yana taya su dariya.

Dariyar ta ƙare ran da delege, shugaban kwamitin juyin juya hali na ƙauyen, ya karɓi littafin don ya buga masa hatimi. A shekarar ana farautar mayu da matsafa, wai su ne maƙiyan ci gaba, kuma wanda aka ɗauka ba kullum yake dawowa da ƙafafunsa ba. Delege ya bi lambobin da yatsa har ya tsaya a yanki na goma sha bakwai.

"Kamarad, me ya sa tsuntsaye ke gudun wannan? Na wa ne?"

Na Kawu Mamuda ne, ƙanin uwar Maazou, tsohon da ya goya shi ya yi masa aure. Kafin la'asar an kulle tsohon a ɗakin kwamiti, an ce da tsafi yake kora tsuntsaye gonakin jama'a, kuma in an girbe za a miƙa shi gaba. Shaida kuwa rubutun hannun ɗan yayarsa.

Maazou ya ji tsoron da bai taɓa ji ba. Ya hau motar doya zuwa Parakou, duk shingen sojan da aka tsaya sai ya ga kamar sunansa za a kira. Ya iske Madam a gidanta a unguwar Ladjifarani, ta rufe taga kafin ta buɗe littafin.

"Malam Maazou, yanki talatin muka gwada da juna. Ka jera mutum talatin, dole ɗaya ya fi kowa gajarta, kuma ba asiri ya yi ba. Ni ma na duba safe da yamma, ja da fara, kusa da itace da nesa, gwaji ya fi sittin. In ka yi gwaji sittin, wani zai fita daban ko ba dalili."

"To, Madam, ai nasa ne ƙasa da kowa."

"Da nawa? Sauran tsuntsu ɗari a awa, shi tamanin da tara. In an mayar da shi hatsi, ba zai cika mudu biyu ba. Voilà, ga tsafin nan."

Mudu biyu! Maazou ya ji kamar ya yi kuka. Madam ta rubuta takarda tana roƙon a sake ƙirga na mako biyu, ta rufe da kirarin juyin juya hali har sau biyu don kada ita ma abin ya shafe ta.

Delege ya yarda, amma ya sa ɗan kwamiti da bindiga ya zauna gindin rumfar. Kwana goma sha huɗu Maazou yana ƙirga yana addu'a, shi da ya saba roƙon Allah Ya kare dawa, yanzu roƙo yake tsuntsaye su sauka a gonar kawunsa. Sau da yawa alƙalamin ya so ya ƙara goma. Tsoron mai bindiga ne ya hana shi, ba tsoron Allah kaɗai ba, shi da kansa ya faɗi haka daga baya.

Aka tara lambobi. Yankin Mamuda ya faɗo tsakiya, ba sama ba ƙasa. Maazou ya sauke ajiyar zuciya, ya fara bayanin mutum talatin da gajerensu, amma delege bai ɗago kai ba. Yatsansa ya riga ya gangara ƙasan takardar.

"Ashe abin ya tashi daga can ya koma nan. Yanki na shida. Wannan Awalu fa?"

Aka saki Mamuda, aka kulle Awalu a ɗakin da ya fito.

Washegari Maazou ya hau rumfa ya ji gonar shiru. Babu gwangwanin korar tsuntsaye ko ɗaya da ke ƙara, an kwance igiyoyi, an tuge mutum-mutumi, babu mai cewa "kai!" Tsuntsaye sun rufe dawa baƙi ƙirin, masu gona suna tsaye suna kallo. A yanki na goma sha bakwai ya hango kawunsa, ya rame, da ƙwarya a hannu, yana watsa hatsin gidansa a cikin kunyoyin gonar. Tsohon ya ɗaga kai ya dube shi.

"Maazou, ɗana, don Allah ka ƙirga su da kyau. Ka ga sun zo da yawa, ko?"