Tsakuwar Ba Modu

Har yau ranar da muka kai wasan tsakuwa wani ƙauye kusa da Tumur ba ta fita raina ba. Farkon shekarun dubu biyu ne, ina tafinta ga wata malamar jami'a da ta sauka Diffa, muna ce mata Madam. Bincikenta shi ne yadda mutane ke koyon dabara idan ana maimaita musu wasa ɗaya.

Ga yadda tsarin yake. A bayan zana an ajiye ƙwarya cike da tsakuwa, a matsayin ruwan kogin Komadugu. Manoman tattasai su shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗibi son ransa, ba mai ganinsa. Abin da ya rage sai mu ninka shi don zagaye na gaba. Da farko wawaso suka yi ta yi, daga baya suka gane amfanin ragawa.

Can Madam ta ce in sanar cewa wannan zagayen ne na ƙarshe. Ba Modu, wani dattijo mai kaifin kai, shi ya fara shiga. Wanda ya bi bayansa ya fito da ƙwaryar a kife, ya ɗaga ta sama. Ba Modu ya kwashe tsakuwar duka.

A mota Madam sai murna. Ta ce, "Shi kaɗai ya gano. In babu gaba, me zai sa ka raga?"

Da sanyi ya shigo na koma ƙauyen. Injin ban ruwa ɗaya gare su, suna karɓa-karɓa, kuma sun cire Ba Modu daga layi. Tattasansa ya yi fure ya bushe a tsaye.

Na sami Bulama, mai garin, na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne fa."

Ya ce, "Mun sani, ɗana. Amma mun ga abin da yake yi in ba ido a kansa."

Ba Modu bai yi mini faɗa ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Cewa ya yi kawai, "Ɗana, kai ka ce na ƙarshe ne."

Kafin damina ya bar gonar ya ƙetare kogi da iyalinsa. A rahotonmu kuwa shi ne wanda ya fi kowa saurin koyo.

Ku da za ku fita bincike, ku riƙe wannan. Mu masu mota ne wasa ke ƙare wa. Waɗanda muka bari, washegari a bakin ruwa ɗaya za su haɗu.