'Yar Kwamfutar da Ta Nuna wa Inna Jikanta

Shekarun baya, ina jin huɗu ko biyar ke nan, laftof ɗina ta mutu murus ana saura mako biyu jarrabawa. Ni malamin makaranta ne a Mabera, da ita nake buga tambayoyin ɗalibai. Na ɗauke ta na kai wa abokina mai gyaran kwamfuta a Gawon Nama. Ya juya ta, ya saurare ta, ya ce in yi haƙuri, ta gama aiki. Sai ya jawo durowa ya fito da wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannuna ba, ya ajiye a gabana.

Na ce, "Caja ce?"

Ya ce, "Kwamfuta ce sukutum."

Na yi dariya, don ni a sanina kwamfutar tebur ƙatuwa ce mai gurnani, irin ta ofishin shugaban makarantarmu. Ya ce in tafi da ita in gwada. Na jefa ta aljihu na hau babur, ina tafe ina shafa aljihun.

Sai da na isa gida na lura ba ta da allo, ba kibod, ba linzami. Ita kaɗai ce, tsurarta. Na koma washegari na haɗo sauran, na jona ta da talabijin ɗin falo. Ai kuwa ta tashi. Ba ƙara, ba hayaniya, sai wani ɗan haske shuɗi a gabanta. Na buga tambayoyina tsaf, haruffa manya-manya a bango har ba na bukatar tabarau. Wutar da take ci kuwa ba ta taka kara ta karya ba.

Amma ni mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Ran Asabar na samo sukundireba na buɗe cikinta, ina son in ga inda ta ɓoye ƙarfin. 'Yar fanka ce kamar ta wasan yara, da faranti kore guda, shi ke nan. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, in ka gama fiɗar, ka san yadda ake ɗinkewa ko?" Na mayar, sukuru ɗaya ya yi saura, har yau ban san gurbinsa ba. Na kuma gwada ta da haɗa bidiyon walimar makarantarmu. Nan ta nuna mini iyakarta. Ta ɗau zafi, 'yar fankar ta kama kuka, aikin ya riƙa jan ƙafa har na haƙura.

Ana cikin haka ƙanwata, autarmu, ta haihu. Tana can Maleshiya inda mijinta ke karatu. Namiji ne, aka ce sunan mahaifinmu marigayi za a sa masa. Mahaifiyata, Inna, tana tsohon gidanmu kusa da Hubbare, kuma yanar ido ta fara rufe mata gani. Aka turo hotuna a waya, na kai mata. Ta kawo wayar dab da hanci, ta nesanta, ta karkata, sannan ta miƙo mini.

"Ɗebe abin ga. Ba ni ganin komi sai inuwa."

Ni dai na san Inna. Tun da aka kai yarinyar nan filin jirgi take ƙirga watanni.

A hanyar komawa dabara ta faɗo mini. Akwai talabijin a ɗakinta, wanda take sauraren wa'azi da shi. In na jona 'yar kwamfutar, fuskar jariri za ta cika bango. Na dawo na yi mata alkawari da baki cike, na ce ranar suna za ta ga jikanta ido da ido, su yi hira.

Allah ya taimake ni na ce bari in gwada ana gobe suna. Na haɗa komai, na ba ta data daga wayata, na ce abokina ya kira daga shago. Fuskarsa ta bayyana ƙatuwa. Inna ta zabura ta ce, "Wa na wanga mai ƙaton hanci?" Na yi murna, ashe tana gani. Sai shi kuma ya hau cewa, "Kana ji na? Ni ban ganinka, ban jinka." Ina ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren kasuwa. Da na kira shi a waya ya sha dariya, ya ce, "To da wane ido za ta gan ka? Ba ta da kyamara, ba ta da makirfo. Ai ban ce maka laftof ce ba." Na sake hawa babur a cikin ranar bazara, na karɓo kyamara mai haɗe da makirfo.

Ranar suna da hantsi, lokacin can yamma ta yi, ɗakin Inna ya cika da gwaggonni da maƙwabta. Aka sa mata kujera dab da talabijin. Na kira. Ƙanwata ta fito, suka gaisa da Inna. Ta ce, "Inna, bari in ɗauko miki shi." Ta sunkuya ke nan, aka ɗauke wuta.

Ɗif. Allo ya yi baƙi, ɗan hasken shuɗin ya mutu. Na tsaya ina danna maɓalli kamar zai ji tausayina. Sai a lokacin na tuna ba ta da batir ko na minti ɗaya.

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ba komi. Allah bai nuhwa ba." Wannan "ba komi" ɗin ya fi zagi ciwo.

Na fita tsakar gida na kira abokina. Ya tambaya ko akwai sola a gidan. Na ce akwai ƙarama da yayana ya haɗa wa Inna, fanka ɗaya da ƙwan fitila kawai take ja. Ya ce, "Ta isa. Kwamfutar ba ta da ci. Amma sai kun kashe fankar, ba za ta ɗauki duka ba."

Na dawo ina kame-kame, don zafin ranar ba na wasa ba ne, ga tsofaffi cike da ɗaki. Inna ta katse ni. "Kashe ta. Da can da fanka munka girma?"

Aka fiddo mafitai. Na jona, na yi bisimilla, na danna. Ta tashi. Na sake kira, sai ga shi an ɗago shi, fuskarsa ta cika allon, yana yamutsa baki. Inna ta matso, ta daɗe tana kallo, gumi na bin wuyanta. Can ta ce wa ƙanwata, "Juya min shi." Aka juya shi gefe. Ta sa bakin mayafi ta share ido.

"Kunnuwan Malam na. Wallahi kunnuwan Malam na."

Marigayi mahaifinmu take nufi. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. Inna kuwa ta koma tsokana, wai wannan miji ya cika barci, ko kuɗin cefane bai aiko ba. Sun fi rabin awa suna hira.

Har yau da 'yar kwamfutar nan nake aiki. In wani ya tambaye ni ko ya saya, nakan ce in rubutu ne da karatu da kallo, a wuri ɗaya, za ta yi masa. In aiki mai nauyi ne ko yawo, ya nemi wata. Abin da na koya shi ne, ni tun farko abin da take iyawa ne ya ɗauke mini hankali, ban taɓa tambayar abin da ba ta da shi ba sai da na tara mutane.

An yi wa Inna aikin ido bayan shekara guda, yanzu tana zare allura da kanta. Na ce mata to, ta huta, waya ma ta ishe ta. Ta ce a'a, in ci gaba da kawo mata kayana yadda na saba. A waya yaron ƙarami ne, ita kuma ta saba ganinsa ya cika ɗaki.