Ranar da Muka Dawo Garwa Babu Ƙofa

Akwai wata rana da ba za ta fita daga kaina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun wuce, amma kamar jiya abin ya faru.

Yayana mai gyaran jikin mota ne a Garwa. Duk tsohon ƙarfen da ya gani a wurin masu sayar da ɓaraguzan motoci sai ya kwaso ya tara a bayan gidanmu, wai mota zai ƙera da hannunsa. Kuma ya ƙera. Gabanta na wata tsohuwar tasi ne, bayanta na a-kori-kura, ƙofofin kowace da inda ta fito. Ya yanke rufin ya sauke shi ƙasa har sai mutum ya sunkuya zai shiga, ya sa manyan tayoyi a baya, ya fito da salansa ta gefe, ya shafe ta da jan fenti. Inna ta leƙa ta ce, "Wannan kwaɗon kake kira mota?" Shi ko a jikinsa.

Da na gama jarrabawar lise, wato sakandare, ya ce zai kai ni Kaele wurin goggonmu, motar ta ga doguwar hanya karon farko. A shekarun nan zargina, wato 'yan fashin da ke tare hanya da bindiga, sun hana kowa sakewa. Wanda aka nuna da yatsa aka ce da su yake, ba kasafai ake jiran alƙali ba.

Da rana tsaka injin ya yi zafi a wani ƙauye da ake cin kasuwa. Yaya ya ɗauki jarka ya tafi neman ruwa, ni kuma na buɗe ƙofata in sha iska. Wajen ƙofar kawai Yaya ya yi wa fenti. A cikin ƙofar, kusa da mariƙi, akwai wani tambari da aka ƙona da ƙarfe mai zafi, kamar jinjirin wata da sanda a tsakiya. Tun daga gida nake bin sa da yatsa, na ɗauka ado ne.

Wata mata mai tallar gyaɗa ta zo wucewa. Sai ta tsaya cak. Ta ajiye farantin a ƙasa, ta riƙe ƙofar da hannu biyu, ta dube ni ta ce da Fulatanci, "Yana ina?"

Na kira ta uwa da Fulatanci, na ce, "Ya tafi ɗebo ruwa, Dada."

Wallahi Yayana nake nufi. Amma sai matar ta kurma ihu, tana dariya tana kuka, tana cewa ya dawo, ya dawo. Kafin in gane kaina mutane sun kewaye motar. Da Yaya ya ɓullo da jarka a kafaɗa ta dube shi sama da ƙasa, fuskarta ta canza. Ta ce, "Ba shi ba ne. Wannan wane ne? Ina kuka kai shi?"

A bakin mutane na tsinci labarin, gutsure-gutsure. Mijinta dillalin shanu ne. Tambarin da yake sa wa shanunsa shi yake ƙonawa a kan duk abin da ya mallaka, har ƙofar motarsa ta gefen da yake zama. Ya fita cin kasuwa wata safiya, shi da direbansa, ba a sake ganin su ba, ba a ga motar ba.

Wani daga baya ya ce, "Zargina ne." Kalmar ta bi taron kamar wuta. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ina so in yi bayani, sai na ji Faransanci na fitowa daga bakina, irin na aji, wanda ba mai saurara.

Wani jandarma, wato jami'in tsaro, da ke gadin kasuwar ya kutso. Ya zagaya motar ya ce, "Wace irin mota ce wannan?"

Yaya ya ce, "Shef, ni na haɗa ta."

"Na ce wace iri?"

"Gaban daban, bayan daban, Shef."

"To ta mutum nawa ce ke nan?"

Wasu suka yi dariya, amma masu duwatsu ba su yi ba. Yaya ya rantse a wurin masu tsohon ƙarfe ya sayi ƙofar, cikin tarin wasu. Aka ce kowane ɓarawo haka yake faɗa. Matar ba ta saki ƙofar ba. Ta ce da Yaya a hankali, "Ɗana, yaya ka same ta? Faɗa min yadda take."

Na san abin da zai faɗa, don na gan shi yana wannan aikin a gida. Na ƙifta masa ido, na girgiza kai. Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Dada, da huji a jikinta. Na cike na yi fenti a kai." Ya ciro sukuddireba daga aljihu ya kankare jan fentin, abin da ya cike da shi ya zubo kamar alli. Ramukan harsashi suka bayyana, daidai ƙirjin wanda ke zaune. Daidai inda na zauna tun safe.

Na ce a raina shi ke nan, ya kashe mu da bakinsa.

Matar ta sa yatsa a ɗaya daga cikin ramukan. Ta daɗe. Sannan ta juya ga mutanen ta ce, "Ku zubar da duwatsun nan. Wanda ya harbe shi ba zai kankare ya nuna min ba." Ta ce shekarun nan duk ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba, yau ta sani. Abu ɗaya ta roƙa: ƙofar.

Yaya ya kwance ta da hannunsa. Ta ɗora ta a kai, aka riƙo mata farantin gyaɗar, ta tafi. Jandarman ya ce mu ɓace masa da gani. Ba mu je Kaele ba. Muka juyo Garwa, Yaya ya ɗaure igiya a gefena kada in faɗo, iska na dukana, kwalta na gudu a ƙarƙashin ƙafata.

Har yau ban san ko daidai Yaya ya yi ba. Huji a ƙofa ba gawa ba ne. Wa ya sani ko mutumin yana raye a wani wuri? Wani lokaci in ce mun ba ta hutu, wani lokaci in ce mun kashe mata miji da sukuddireba. Motar kuwa haka ta ƙare rayuwarta, ba ƙofa a dama, don Yaya ya ƙi sa wata.

Abin da na koya shi ne, babu abin da ake kira tsohon ƙarfe kawai. Duk abin da ka saya a gwanjo wani ya taɓa riƙe shi, kuma mai yiwuwa akwai wadda har yanzu take zaune tana jiran ya dawo.