Kallon da Ya Jawo Canjaras

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron a yi mini dariya. Amma abin nan ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Lokacin ina aikin shara da jera kujeru a wani zaure a Samaru, aka kawo gasar darar Turawa, wadda suke kira ces. Wasan ƙarshe ya haɗa ƙwararru biyu: wani ɗalibin jami'a, da wani dattijo Inyamuri mai gyaran rediyo a Sabon Gari. An ce in dattijon ya ci, zai je gasar ƙasa, abin da ya tsufa yana nema.

Teburinsu gurgu ne. Ni na cusa masa kwali a ƙafa, don haka na tsaya kusa, na zuba wa ƙafar ido, kar kwalin ya goce a ce laifina ne.

Ɗalibin ya tashi shan ruwa. Da ya dawo, dattijon ya tura dokinsa na kan allon wasan, sai na ji 'yan kallo sun ja numfashi, wai ya yi kuskure. Aka ƙara fafatawa, daga ƙarshe suka yi musabaha. Canjaras. Tafiya ta rushe.

Ina naɗe kujeru dattijon ya dafa kafaɗata, ya yi mini magana da Hausarsa garau.

"Ɗana, ka san dokar, ko? Abin da ka taɓa, shi za ka tura. Hannuna ya taɓa dokin nan bisa kuskure, yaron ba ya nan. Na so in basar, na ɗago, sai ga ka tsaye ƙiƙam."

"Baba, ni..."

"Bari kawai. Gara canjaras da cin da zai hana ni shiga coci ranar Lahadi. Na gode."

Wallahi ban ga komai ba, dokar ma ban sani ba. Na kasa faɗa masa. Har yau ina tambayar kaina, taimakonsa na yi ko cutarsa?

Abin da na koya shi ne, in gaskiya ta zo bakinka, faɗe ta a take, kafin mai ita ya tafi. Na je Sabon Gari sau uku, shagonsa ya koma na masu sayar da waya. Don Allah, duk wanda ya san inda dattijon nan yake, unguwar Muciya ce ko ya koma garinsu, ya sanar da ni. Ina so in gaya masa ba idona ne ya tsare shi ba, halinsa ne.